Ranar da Orrin Prouty Ya Daina Mutuwa

Shekara talatin da ɗaya Orrin Prouty yana mutuwa a kan gadar garinmu, kowace Asabar ta biyu a watan Oktoba, wajen sha ɗaya da kwata na safe. Duk wanda ya taɓa gani zai shaida cewa a Tansy Mills babu wanda ya kai shi iya mutuwa.

Da zarar jajayen riguna, sojojin Sarkin Ingila ke nan, sun saki bindigar farko, sai ya dafe ƙirji. Ya yi taku uku gaba, ya yi biyu baya. Hularsa mai kusurwa uku ta faɗi. Ya kama katakon gada, ya dubi sama, ya dubi jama'a, ya ƙwala kira, "Keziah!" sannan ya zube. Wata shekara sai da ya ci minti huɗu a tsaye, har wanda ya harbe shi ya gaji ya ce, "Haba Orrin, faɗi mana, hannuna ya ƙage."

Kakansa na shida yake kwaikwaya, Jabez Prouty, mijin Keziah, wanda shi ne ya fara faɗuwa a gadar nan a 1777, lokacin yaƙin neman 'yancin ƙasarmu daga Ingila. Haka aka sassaƙa a dutsen da ke maƙabartar coci. Haka muka taso muka ji, haka ni ma na koyar da yara shekara ashirin da takwas kafin in yi ritaya.

Da na bar makaranta sai na buɗe ajin tarihi a laburaren gari, kowace Talata da ƙarfe goma. Ɗalibaina tara ne, ƙaramarsu tana da shekara sittin da huɗu. Gemu dai ba ya hana ilimi. Tsarinmu mai sauƙi ne: kowa ya ɗauki tsohuwar takarda guda daga akwatunan laburare, ya kwafe ta da hannunsa, mako mai zuwa ya karanta wa aji. Dokata ɗaya ce, kuma na rubuta ta a saman allo: kada ka ce mana "an ce", ka nuna mana takarda.

A watan Yuni aka yi wa Orrin aiki a gwiwa. Shekarunsa saba'in da shida. Likita ta ce ya yi tafiya, ya yi lambu, ya yi rawa in yana so, amma faɗuwa, ko ta wasa, ta haramta masa.

Merrill Stoddard shi ne shugaban masu wasan gada. Wasiƙu ya raba shekara arba'in, amma Kanar muke ce masa, kuma yana amsawa. Shi ma ɗalibina ne, kuma babu wanda ya riƙe dokata da tsanani kamarsa. Ya taɓa korar wani daga fili saboda maɓallin wandonsa na roba ne. A farkon Satumba, ana shan kofi bayan aji, ya ajiye kofinsa ya ce,

"Orrin, ba ƙiyayya ba ce. Jabez faɗuwa ya yi. In ba za ka iya faɗuwa ba, ba Jabez ba ne kai."

"Zan faɗi a hankali."

"Da ma da sauri kake yi?" in ji Lorna, yayar Orrin. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma tun suna yara ba ta taɓa barin maganarsa ta sauka ƙasa lafiya ba.

"Yaya, ba da ke nake ba. Kanar, a shimfiɗa katifa mana."

"Katifa? A kan gada? A 1777? Kawo takarda."

Merrill ya riga ya yi wa surukinsa Dwight alkawarin hular. Maƙwabta sun ce kullum da yamma ana ganin Dwight a bayan gida yana zubewa a kan ciyawa, yana tashi, yana sake zubewa.

Orrin ya ɗauki sandarsa ya fita, ya bar kek ɗinsa a faranti. Ni da na san shi tun kafin matarsa ta rasu, na san me wannan Asabar take a wurinsa. Duk shekara shi tsoho ne mai shuka kabewa, rana ɗaya tak gari kan tsaya ya dube shi.

Mako biyu bayan haka aka kawo mana sabon akwati. Wasu mutane ne a North Hadlock, garin da ke gaba da mu, suka sayar da tsohon gidansu, suka tarar da shi a saman rufi. Na raba takardun kamar yadda na saba, daga dama zuwa hagu. Aji ya yi shiru, sai ƙarar fensir. Can sai Lorna ta ɗaga gilashin ƙara girman rubutu daga kan tata ta ce,

"Malama, matattu suna cin kek?"

"Ban taɓa gani a takarda ba," na ce.

"To zo ki gani."

Na je na duba ta kafaɗarta. Wasiƙa ce daga Keziah Prouty zuwa ga ƙanwarta, an rubuta ta a watan Nuwamba na 1777, mako uku bayan faɗan gada. Na karanta sau biyu. Sannan na ce wa aji yau mun tashi da wuri, na roƙi Lorna da Orrin su tsaya.

Ga abin da Keziah ta rubuta. Da safen faɗan, Jabez ya je gada da bindigarsa, ya kama wuri. Ana buga ganga sai saniyarsu ta firgita, ta tsinke igiya, ta bi ta mashigin ruwa ta haye. Jabez ya ɗora hularsa a kan ginshiƙin gada don kada wani ya ƙwace masa wuri, ya ce yanzu zai dawo, ya bi ta. Saniya ta kai shi har tsakiyar jajayen riguna, aka kama su duka biyu. Hular ce ta sha harsashi. Da ƙura ta lafa aka tsince ta da huji, ba a ga mai ita ba, aka ce ruwa ya tafi da shi. Ran kwana na huɗu aka binne hular. Ana cikin zaman makoki sai ga Jabez ya shigo, ya zauna, ya jawo kek ɗin tuffa da aka gasa don makokinsa, ya cinye ɗaya da rabi kafin ya gai da kowa.

Orrin ya zauna a kujera a hankali, kamar yadda likita ta koya masa.

"Ƙarya ne. Yaya ce ta rubuta. Na san sharrinta."

"Ni? Da waɗannan yatsun? Maɓallin rigata ma da ƙyar nake sawa."

"Saniya," ya ce. "Mutane suna mutuwa don ƙasa, shi yana bin saniya."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Lorna. "Wa ya makara ɗaurin aurensa don alade ya shiga gonar kabewa?"

"Yaya, wallahi…"

Na ce su dakata. Ya juyo gare ni, ya rage murya.

"Malama, don Allah ki mayar da ita akwati. Can ƙasa. Na yarda Dwight ya ɗauki hular. Gara in zauna a kujera in ga wani yana mutuwar kakana da in ji gari yana yi masa dariya."

Na ce masa ba zan ɓoye takarda ba, ban taɓa yi ba. Amma kuma ba ni zan karanta ba. Lorna ta ɗauka, ita za ta karanta ranar Talata, kamar kowa. Kafin nan akwai kwana bakwai, kuma takarda ɗaya ba ta isa hujja ba, sai mun nemo ta biyu.

"A ina?"

"In mutum ya ci kek a makokinsa, dole ya sake mutuwa wata rana. Mu je mu nemi inda ya yi ta biyun."

Bayan ya fita na dubi Lorna. Na lura tun farko cewa wasiƙar falle biyu ce, falle ɗaya kawai ta karanta mana, ta kife ɗayan a ƙarƙashin littafinta.

"Lorna, ɗayan fa?"

"Yana nan. Bari ya ɗan jiƙu tukuna. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye cikin sanyi ina tafa masa."

Ya kamata in tsawatar mata. Na buɗe baki, sai na tuna cewa ɗalibi yana da mako guda kan takardarsa, ni na kafa dokar. Na rufe bakina.

Ranar Juma'a na ɗauke su a motata muka tafi North Hadlock, tunda can aka aika wasiƙar. Orrin ya zauna gaba saboda gwiwa. Lorna tana baya tana shan alewar na'ana'a, duk saniyar da muka wuce sai ta ce, "Orrin, riƙe hularka."

Mun yi kusan awa guda muna bin tsofaffin duwatsu layi layi. Orrin ne ya gan shi, a gindin wata bishiya, gansakuka ta rufe rabinsa. Na goge da tsumma mai laushi. Jabez Prouty, ya rasu 1819, yana da shekara sittin da takwas. A gefensa, Keziah, matarsa.

"Wani Jabez ɗin ne," ya ce.

"Da wata Keziah ɗin," in ji Lorna. "Allah Sarki. Ƙila suna da wata saniyar ma."

Ya daɗe yana kallon dutsen, ya jingina da sanda. Sannan ya ce, ba da kowa ba, "Shekara arba'in da biyu. Ni ina ta kashe shi, shi yana nan yana tatsar nono." Na dubi Lorna, na ɗaga mata gira irin yadda nake yi wa yaran baya a aji.

Ta buɗe jakarta ta ciro takardar da ta kwafe.

"Zauna a kan bencin can, ɗan autan Mama. Akwai saura."

Ta sa tabarau ta karanta falle na biyu. Keziah ta ce da aka leƙa waje, sai aka ga shanu biyu ɗaure a jikin shinge. Ɗaya tasu ce. Ɗayar kuwa ƙatuwa ce, da tambarin Sarki a cinyarta, kuma duk wanda ya tambayi Jabez yadda aka yi sai ya ce ita ta biyo shi. Da nononta ake shayar da waɗanda suka ji rauni a gada tun daga ranar. Dutsen kabari kuwa, mai sassaƙa ya riga ya gama shi, Jabez ya ce aiki ne mai kyau, kada a taɓa. Duk baƙon da ya zo gidansu sai ya kai shi ya gani.

Orrin ya miƙa hannu. Ta ba shi. Ya karanta da kansa, yatsa yana bin layi.

"Ta Sarki?"

"Da tambari."

"Daga tsakiyar sansaninsu? Shi kaɗai, ba bindiga, ba hula?"

"Ba hankali kuma," in ji Lorna.

"Malama, wannan ai ganimar yaƙi ce."

"Takardar ba ta ce haka ba," na ce. "Ta dai ce ita ta biyo shi."

"To, ai kowa ya san abin da ake nufi." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Sai kuma ya ɗaga kai. "Tsaya. A duk labarin nan, a ina ya faɗi?"

Malami ba ya amsa tambayar da ɗalibi ya riga ya amsa.

Ranar Talata Lorna ta miƙe za ta karanta, Orrin ya ce kakansa ne. Ta ce nata ne kafin ya zama nasa, da shekara biyar. A ƙarshe ta karanta falle na farko, ta ja wajen kek yadda ranta yake so, shi ya karanta na biyu a tsaye, da muryar da yake kiran Keziah da ita. Na zagaya da hoton dutsen North Hadlock. Aji ya yi dariya har Velma Tarbox ta ƙware da kofi.

Merrill kaɗai bai yi ba. Ya sa safar hannu, ya ɗauki wasiƙar ta asali, ya ɗaga ta wajen taga, ya shinshina ta.

"Shekara talatin da ɗaya muna yin abu yadda muke yi," ya ce.

"Kawo takarda, Kanar," in ji Orrin.

"Dutsen coci…"

"Na hula ne. Ina da dutse, ina da wasiƙa. Kai kana da hula."

"Dwight fa? Yaron nan duk jikinsa ya yi tsami."

"Ya mutu na biyu. Ai mutum huɗu suka faɗi ranar, ya zaɓi wanda ya ga dama."

Merrill ya dubi allo, inda dokata take. Ya dube ni, na ci gaba da jera fensira. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ya cire safar hannu yatsa ɗaya ɗaya.

"To. Amma ba za a shigo mini da baƙa da fari fili ba. Irin shanun nan ba su zo ƙasar nan ba sai bayan shekaru da yawa. Ja nake so. In babu ja, babu wasa."

Ina jin ya ɗauka ya rufe ƙofa ke nan, don duk shanun kwarinmu baƙi da fari ne. Sai Velma ta goge bakinta ta ce, "Ina da jajaye biyu. Tsofaffi ne, amma wa ya isa ya yi gorin tsufa a ɗakin nan?"

Asabar ɗin ta zo da rana mai kyau da ƙanshin tuffa. Jama'a sun cika bakin kogi. Ba mu gaya wa kowa ba, Merrill ya ce soja ba ya tallan shirinsa. Orrin ya taho da bindiga a kafaɗa, ya kama wurinsa. Ɗaya daga cikin shanun Velma, Clover, tana ɗaure a gefen gada da igiyar da aka riga aka sassauta.

Aka buga ganga. Clover ta ci gaba da tuƙa.

Aka sake bugawa, da ƙarfi. Ta kaɗa kunne. Velma ta manta ba ta gaya mana ba, saniyar ta kurumce tun bara.

Orrin bai daburce ba. Ya cire hula ya ɗora a kan ginshiƙi, ya juyo ga sojojinsa ya ce da ƙarfi, "Ku riƙe mini wuri, saniyata ta gudu!" Jama'a suka dubi saniyar da ke tsaye taku biyar daga gare shi. Ya nufe ta da sandarsa yana kira, "Dawo nan! Tsaya, ja'ira!" Ya kama igiya, ya wuce gabanta, ya fara janta zuwa ga abokan gaba yana waiwaye yana roƙonta ta tsaya. Sai da suka ci minti shida kafin su haye. Jajayen riguna suna jira, kafaɗunsu na rawa. Kyaftin ɗinsu, mai kantin magani ne, ya ce, "Na kama ka da sunan Sarki," bai iya ƙarasawa ba sai da ya juya baya.

Bindiga ta tashi. Lorna, tana zaune a kujerarta a gindin gada, ta ja zaren da ta ɗaura, hula ta yi tsalle ta faɗi. Ta ce mini daga baya ta daɗe ba ta ji daɗin wani abu kamar wannan ba. Dwight ya mutu na biyu, cikin daƙiƙa uku, babu wanda ya lura.

Bayan faɗa, kamar kullum, aka taru a harabar coci inda aka jera tebura. Merrill ya hau akwati ya fara jawabin makoki, wanda ya haddace tun ina da baƙin gashi. Ya ɗaga hular mai huji. Ya kai daidai wajen da yake cewa ba za mu ƙara ganin irinsa ba, sai aka ji ƙararrawar shanu. Jama'a suka dare. Ga Orrin, kai ba hula, igiya biyu a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. A cinyar saniya ta biyu an zana kambin Sarki da baƙin man takalmi, ya ɗan karkace.

Bai dubi kowa ba. Ya ɗaure su a shinge, ya ja kujera, ya zauna a hankali, ya jawo kek ɗin tuffa gabansa.

Na tashi na karanta wasiƙar Keziah, duka falle biyun, don kada kowa ya tafi gida da "an ce". Ina karantawa yana ci. Tafin da aka yi masa ya fi na kowace mutuwarsa tsawo. Likitarsa tana cikin jama'a, ta zo ta tsaya a kansa ta ce gwiwa dai ta tsira, amma kek ɗaya da rabi ba ta yarda ba.

"Yana cikin takarda, Likita," ya ce, ya jawo na biyu.

Ranar Talata na zo buɗe laburare ƙarfe goma saura kwata, na tarar da shi a bakin ƙofa da sabon littafin rubutu.

"Malama, akwatin yaƙin 1812 nake so. Akwai wani Prouty a ciki, ɗan Jabez. An ce ya nutse a tafki da tuta a hannunsa."

"An ce?"

"Shi ya sa na zo da wuri," ya ce. "Kafin Yaya ta riga ni."